Yadda Ikilisiya Za Ta Riƙe Jinyar Wanda Ya Daɗe a Kwance

A makon farko da ciwo ya kayar da mutum, gidansa cike yake da masu gaisuwa. Zuwa mako na uku, sai a bar matarsa ko 'yarsa ita kaɗai da wanki da girki da rashin barci. A nan tausayin Kirista ke fuskantar gwaji. Dubi Basamariyen nan na Luka sura 10: bai tsaya ga ɗaure raunuka ba, ya kai mutumin masauki, ya kwana yana jinyarsa, ya bar dinari biyu, ya kuma ce zai dawo ya biya abin da ya ƙaru. Tausayi ne mai tsari. Kuma aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina, domin tun ƙarshen shekarun 1930 ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, suka yi jinyar kutare a Babbar Ruga.

Fara da rabon kwana. Uwar zumunta, wato shugabar zumuntar mata, ko wani dattijon ikilisiya ya rubuta sunan mutum bakwai, kowa da ranarsa, da biyu na ko-ta-kwana. Idan aka ce "duk wanda ya samu dama ya leƙa", to babu mai zuwa, kowa na zaton wani ya je. Mata su yi jinyar mace, maza su ɗauki wankan namiji da ɗaga shi.

Mai ranar ba hira ta kai shi ba. Wanda ba ya iya juya kansa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, a juya shi duk bayan awa 2: dama, rigingine, hagu. Dalili kuwa, nauyin jiki na danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya taso, wato ƙugu, gindin baya, diddige da kafaɗa, sai fatar ta mutu ta zama gyambo. A duba wuraren nan kullum. Idan wuri ya yi ja ko ya fi sauran fata duhu, ko ya yi zafi, kada a murza shi, murzawa ƙara lalata shi take yi. A dai ɗauke nauyi daga kansa da matashi. Zanin gado ya zama busasshe, babu tattara. Leda a ƙarƙashin zani take, ba a jikin fata ba, musamman a zafin bazara na Maris zuwa Mayu da gumi ke jiƙa shimfiɗa. Da hunturu kuma a shafa man kaɗanya a inda fata ke tsagewa.

Wajen ciyarwa ake yawan yin kuskure da kyakkyawar niyya. Ba a ɗura wa mutum abinci yana kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a bar shi zaune minti 30 bayan ya gama. Kunu mai kauri ya fi tsinkakke sauƙin haɗiya. In yana tari ko muryarsa ta shaƙe bayan kowace loma, a dakata a gaya wa likita, don abincin na iya bin hanyar huhu ya jawo ciwon ƙirji. Sannan a tambayi cutar kafin a sayi tsaraba; kwalaben lemon zaƙi da muka saba riƙowa illa ne ga mai ciwon suga. In gudawa ta kama shi, a haɗa ruwa mai tsabta lita 1, wato ledar fiya-wata biyu, da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, duk a shafe ba a tsiri ba, a riƙa ba shi yana sha. Abin da ya wuce awa 24 a zubar. Zazzaɓi mai zafi, numfashi sama-sama, ko gyambo mai wari, wannan na asibiti ne. A yi addu'ar a hanya.

Addu'a ma da ladabinta. Gajera, da murya ƙasa-ƙasa. Taron mutum goma da ganga a kan marar lafiya gajiya ce kawai. Kada a ce masa zunubinsa ne ya jawo. A Yahaya sura 9 Yesu da kansa ya ƙi wannan zato game da wanda aka haifa makaho. Idan maƙwabci Musulmi ne ke kwance, a je da sallama, a ce "Sannu Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Maza su tsaya a zaure sai an yi musu iso, a kauce wa lokacin salla, kuma kada a maida kwanon abinci ƙugiyar wa'azi. Hoton marar lafiya kuwa ba na Facebook ba ne, ko da sunan neman addu'a.

Kuɗi su ne ke saurin ɓata zumunci. Abin da aka tara daga baiko na musamman, mutum biyu su riƙe lissafinsa, a sayi magani bisa takardar likita a ajiye rasit. A sujada a faɗi jimilla kawai, ban da sunan wanda aka taimaka.

Ita kuma mai jinyar gida, a karɓe ta aƙalla awa 3 a jere, a ce "Mama, je ki kwanta, muna nan." Za ta ce ba komai. Kada a yarda. A ɗebo ruwan, a haɗa wankin, a ja mata ƙofar ɗaki.