Darasi na 9: Me ya sauko da hawainiya ƙasan keji?

Kafin mu shiga karatun yau, ku kalli kalmomin nan huɗu da kyau don za su yi ta dawowa: ƙasa, kasa, ƙashi, kashi. 'Yar lanƙwasar da ke kan "ƙ" ɗin nan ba ado ba ce. In ka tura wa likitan dabbobi saƙo ka ce "kashinta ya yi laushi" alhali ƙashi kake nufi, to zawo zai yi maka maganinsa, ita kuwa dabba tana can ƙafa na lanƙwashewa. Kowa ya kwafe su sau uku-uku a littafinsa, sannan mu ci gaba.

Hawainiya dai ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Duk wanda ya taɓa noma ya gamu da ita a jikin rama ko geza, ko tana tsallaka hanya da damina da tafiyar nan tata kamar mai shawara da ƙafarta, har ma in aikin gwamnati ya ƙi gaba sai a ce yana tafiyar hawainiya. Mu nan tsoronta ake yi, yara su jefe ta, manya su kauce, alhali ba ta da dafi ko kaɗan. To a Amurka da Jamus da Ingila kuwa kuɗi ake sakawa a saye ta, a yi mata keji a falo, a riƙa sayo mata gyare a shago kamar yadda muke sayo wa kaji dusa. Na san wasunku za su yi dariya, nima na yi da farko.

Iri uku aka fi kiwo a can. Akwai ta Yaman, wadda asalinta ƙasar Yaman ne da kudancin Saudiyya, tana da wani tudu a ka kamar ta kafa hula, ita ce ta fi yawa a gidaje. Akwai mai launuka ja da shuɗi da kore daga arewacin Madagaska, tsibirin da kusan rabin ire-iren hawainiyar duniya suke can. Sai mai ƙaho uku daga tsaunukan Kenya da Tanzaniya. Duk ukun nan 'yan kan bishiya ne, a sama suke ci, a sama suke sha, a kan reshe suke kwana. Yatsunsu ma a haɗe suke kashi biyu kamar awartaki don damƙar reshe, ga wutsiya tana naɗe itace kamar hannu na biyar. Shi ya sa kejinsu yake dogo a tsaye, na babba yakan kai santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 120 tsawo, da raga a jiki don iska ta riƙa ratsawa. Dabba irin wannan in ka wayi gari ka same ta a ƙasan keji tana zagaye, to akwai abin da ya sauko da ita.

Ɗan yayata da ke karatu a Jamus shi ya fara jawo ni cikin wannan harka. Abokin zamansa ne ya tafi hutu ya bar masa amanar hawainiyar Yaman, sai ga shi wata rana da daddare ya kira ni ta bidiyo hankali a tashe, wai Kawu kai da ka girma a ƙauye dubo min abar nan, kwana uku ke nan ta ƙi cin komai kuma ta ƙi hawa sama. Na ce juyo min da wayar. Ga ta nan a lungun keji ta yi baƙi-baƙi, ciki ya cika tim har kana ganin 'yan ƙulalai ta gefe, tana ta karta leda da ƙafafun gaba, ta bar wannan lungu ta koma wancan, ta sake kartawa. Na ce masa kai yaro, wannan ai kaza ce ke neman akurki, ƙwai ne da ita. Ya ce Kawu ina, ba ta taɓa ganin namiji ba tunda aka sayo ta. Na ce kajin gidan gona da kake cin ƙwansu kullum zakaran wa suka gani?

Wannan shi ne dalili na farko, kuma yana kashe matansu da yawa, don haka za mu daɗe a kansa. Macen hawainiyar Yaman tana iya fara yin ƙwai tun tana wata shida, ko da namiji ko babu, kuma ba ɗaya ko biyu ba, daga 20 har 70 a zubi guda, wani lokaci ma fiye, musamman in ana cika ta da abinci kuma kejin da ɗumi sosai. A daji sai ta sauko daga bishiya ta haƙa rami ta binne su. A keji kuwa in ƙasan leda ce ko katako ko tayil, ba inda za ta haƙa, sai ta riƙe ƙwan a ciki tana ta nema tana ta nema har ƙarfinta ya ƙare, ƙwan ya maƙale, daga nan kuma sai aikin tiyata in an yi sa'a, in ba a yi ba a wayi gari ta mutu.

Maganin ba tsada. Ka samu bokiti ko roba mai faɗi, ka zuba wankakken yashi, ko yashi haɗe da ƙasa mai tsabta wadda ba taki ba maganin ƙwari, zurfinsa ya kai santimita 25 zuwa 30, wato kamar tsawon rula ta 'yan makaranta. Ka yayyafa ruwa ya yi danshi, ba caɓa-caɓa ba. Gwajinsa shi ne ka cusa hannu ka yi rami, in ka zaro ramin ya tsaya bai rufta ba to ya yi, in ruwa ya taru a gindi ya yi yawa. Ka saka shi a keji, ka jingina reshe ya sauka ciki, ka rufe gefen kejin da zane, sannan ka ba ta wuri. Nan ne mutane ke ɓata aikin, kowa na son leƙe da ɗaukar hoto, ita kuwa da ta ga ido a kanta sai ta bar ramin ta fito, don a ganinta an gano inda za ta ɓoye 'ya'yanta, in aka yi haka sau biyu sau uku sai ta daina haƙa gaba ɗaya. Ɗan yayan nan nawa sai da na yi masa jan ido kafin ya haƙura. Kwana ɗaya da wuni ta yi tana aiki, ta shiga da kai ta haƙa, ta juyo ta saka, ta mayar da yashi ta daddanne har ba ka gane wurin. Da ta hau sama hoton da ya turo min kamar ba ita ba, ta yamushe, fata ta yi tattara, ga yashi har kan hula. Ya tona ya ƙirga 41. Bayan irin wannan wahala ruwa take buƙata sosai da abinci mai garin kalsiyam, don ɓawon ƙwan nan duk daga jikinta ya fito.

In ta kwana biyu ko uku tana shiga bokitin tana fita ba ta saka ba, ko ta kwanta ido a rufe da rana, kar a jira, a kai ta wajen likitan dabbobi, kuma a nemi wanda ya saba da dabbobi masu jan ciki. Mai ƙaho uku ita ba ruwanta da bokiti, haihuwa take yi. Yadda za ka gane mace da namiji a 'yan Yaman kuwa, duba dunduniyar ƙafar baya, namiji yana da ɗan tsiro a wurin tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi, mace babu.

Dalili na biyu zafi. Hawainiya ba ta yin gumi, jikinta kuma bin zafin wuri yake, in ta ji sanyi ta matsa kusa da fitila, in ta ji zafi ta sauko. Wurin shan ɗumi na 'yar Yaman ana so ya tsaya tsakanin digiri 27 zuwa 32, ƙasan keji kamar 22 zuwa 25, da dare kuma a kashe fitilu duka ya ƙara sauka. In kwan fitilar ya yi ƙarfi ko kejin na jikin taga rana na dukansa, za ka gan ta ta yi fari-fari, baki a buɗe, ta gangaro ƙasa. Kar ka auna da tafin hannu, sa ma'aunin zafi daidai kan reshen da take zama. Mai ƙaho uku 'yar tsauni ce, digiri 30 ma ya yi mata yawa, balle zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura 40.

Na uku shi ne inda kalmar ƙashi ta shigo. Akwai wani haske a cikin hasken rana da ake kira UVB, shi ke sa jiki ya haɗa bitamin D3, shi kuma D3 shi ke sa kalsiyam ya shiga ƙashi. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye keji a bayan taga ba ya maganin komai, sai an sayi doguwar fitilarsa ta musamman, kuma abin haushin fitilar tana ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya ƙare, shi ya sa ake canza ta duk wata 6 zuwa 12. In babu shi sai ƙashi ya yi laushi, ƙafa ta gantsare kamar baka, muƙamuƙi ya yi taushi, harshe ya daina kai wa gyare, ta riƙa kama ƙafarta da kanta tana zaton reshe ne, ta faɗo. Irin wannan ba saukowa ta yi ba, kasa hawa ta yi. Ɗora ta a yatsanka ka ji, lafiyayya damƙarta har zafi take, mai wannan ciwon kuwa sakwa-sakwa za ka ji. Abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa, amma likita na iya tsayar da ciwon in an je da wuri.

Sai ƙishirwa. Yawancinsu ba sa gane ruwan kwano, raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye suka sani, don haka ana yi wa ganyen feshi safe da yamma, ko a huda gora tana ɗiga a hankali. A nan kuma kashi ne zai ba ka labari. Kun san kashin ƙadangare da ɗan fari a gefe, to nata ma haka yake. In farin nan fari ne tas, ruwa ya ishe ta. In ya koma ruwan lemo gaba ɗaya, ga ido ya faɗa ciki, akwai matsala.

Ragowar dalilan ba sa buƙatar dogon bayani. Namiji in ya balaga yakan sauko yana zagaye yana neman mace ko hanyar fita, musamman in kejin ya yi masa kaɗan ko ba ganyen ɓuya. In aka haɗa biyu a keji ɗaya, mai ƙarfi ya kwace sama, ɗayan ya dawo ƙasa ya yi baƙi ya rame, hawainiya kam da gaske take son a kiyayi ramarta, ko hango wata ta yi daga keji na kusa ya isa ya hana ta sukuni. Wani lokaci kuma ba komai, gyare ne ya faɗo ta bi shi, minti biyar ta koma. Akwai ma 'yan ƙanana na Madagaska da Gabashin Afirka waɗanda cikin busasshen ganye a ƙasa suke wuni, su wannan darasin bai shafe su ba, don haka ka fara sanin irin da ke hannunka.

Wani zai ce to me zai hana in kamo ta bayan gari in gwada. Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Irin tamu ta Afirka ta Yamma an daɗe ana fitar da ita daga Togo da Benin da Ghana zuwa Turai da Amurka, cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wadda ta ce sai da takardar izini, kuma masu kiwo a can sun san wadda aka kamo a daji ba ta cika daɗewa ba, tana zuwa da tsutsar ciki ga ƙishirwa ga firgici. Wadda ka gani a gona ka bar ta, fara da ƙwari take cinye maka kyauta. In kuma ka ga ta sauko tana tono a gindin shuka, ka hana yara taɓa ta, yanzu kun san abin da take yi.

Aikin gida. Ku ja layi a littafi ku raba shafi gida biyar, ku rubuta a sama: kwanan wata, zafin sama, zafin ƙasa, abin da ta ci, launin kashi. Irin wannan rajistar ita likita zai fara tambaya, kuma da ita za ku iya yi wa kaji ko awaki. Ku cike layi uku da lambobin da kuka karanta a darasin nan. Sannan ku amsa da cikakkiyar jimla: santimita nawa ne zurfin yashin bokiti? Me ya sa ba a leƙa ta tana haƙa? In an kafa fitilar UVB a watan Maris za a canza bayan wata 6, wane wata ke nan? A ƙarshe kowa ya rubuto jimla ɗaya da ta ƙunshi "ƙasa" da "kasa" tare, mu gani ranar Laraba.