Yadda mawaƙi zai gina sana'arsa bayan an kammala gasar waƙa ta talabijin

Abin da gasar waƙa ta talabijin take ba mutum shi ne hankalin jama'a na ɗan lokaci, kuma wannan hankali yana fara gushewa tun daga ranar da aka sanar da cewa za a tantance sababbin masu shiga gasar baɗi. Saboda haka duk shirin da mawaƙi zai yi ya kamata ya ginu a kan waɗannan 'yan watanni, ko da shi ya ɗauki kambun, ko kuwa an cire shi tun a tsakiyar hanya.

Ka fara da cire wa ranka cewa matsayin da ka samu a gasa shi ne ma'aunin abin da za ka zama. Jennifer Hudson ta bakwai ta zo a American Idol ta Amurka a 2004, amma a 2007 ta karɓi Oscar, babbar lambar yabo ta harkar fina-finai. Samarin One Direction na uku suka zo a The X Factor ta Birtaniya a 2010, kuma kowannensu shi kaɗai ya je tantancewa kafin a haɗa su rukuni guda. A Najeriya, Omawumi ta biyu ta zo a Idols West Africa a 2007, haka ma Chike a The Voice Nigeria a 2016, duk da haka sunayensu ba su ɓace ba. Ƙuri'ar masu kallo tana nuna wanda ya burge su a daren nan ne kawai, sana'a kuwa tana tambayar abin da mutum yake da shi da za a ci gaba da saurara bayan shekara biyar.

Babban aiki, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, yana kan takarda ne. Yawancin waɗannan gasa suna sa mai shiga ya rattaba hannu a kan yarjejeniya tun kafin ya hau dandamali, kuma sau da yawa a cikinta akwai sharaɗin da ya ba masu shirya gasar, ko kamfanin waƙar da suke hulɗa da shi, damar ɗaukar mawaƙin kafin kowa, tare da hana shi fitar da waƙa a wani wuri har zuwa wani wa'adi. Ka nemo kwafin wannan takarda, ka kai wa lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka, wanda kai ka ɗauko shi, ba wanda kamfanin ya haɗa ka da shi ba. Ku zauna da biro a hannu, ku ja layi a ƙarƙashin kowace kwanan wata da kowane kaso. Ka tabbata ka san ranar da wa'adin zai ƙare, da adadin kundin waƙoƙin da aka ɗaure ka da su, da kuma ko kamfanin yana da kaso a kuɗin wasanninka da tallace-tallacen da za ka yi, domin akwai irin kwantiragin da yake shiga kowace kafa ta samun kuɗin mawaƙi.

A nan ne kuma ake yawan ruɗuwa game da kuɗin kafin alƙalami. Idan an ce an ba wanda ya yi nasara kwantiragin kuɗi kaza, ba lallai ne a damƙa masa wannan adadi ba. Galibi a ciki ake lissafa kuɗin situdiyo, da na furodusa, da na ɗaukar bidiyo, kuma kamfanin zai fara cire abin da ya kashe daga kason mawaƙin kafin mawaƙin ya ga ko sisi na cinikin waƙarsa. Ka ɗauki wannan kuɗi a matsayin bashin da waƙoƙinka za su biya, ka kashe shi da wannan tunani.

Sai kuma batun waƙar kanka. A gasa waƙoƙin wasu kake rerawa, waɗanda jama'a suka riga suka sani suka kuma so, don haka rabin tafin da aka yi maka na masu waƙar ne. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ya kamata tun kana cikin gasar ka tanadi waƙoƙi uku ko huɗu naka na kanka, ko ka rubuta su kai kaɗai ko tare da marubuci, domin da zarar yarjejeniya ta ba ka dama ka fitar da ɗaya yayin da fuskarka take sabuwa a idon mutane. Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na rubutun baitoci da karin waƙar, da kuma na sautin da aka naɗa. Kafin kowa ya bar situdiyo, a rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a waƙar da kason da ya samu, kowa ya rattaba hannu, domin rigimar kaso ba ta tashi sai waƙa ta karɓu. Bayan haka ka yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu a ƙasarka, irin su PRS a Birtaniya ko ASCAP da BMI a Amurka. Idan ba ka ƙarƙashin kamfani, dillalai irin su DistroKid da TuneCore suna ɗora waƙa a Spotify da sauran manhajojin sauraro.

Zaɓen salo yana buƙatar natsuwa. Gasa tana horar da mutum ya rera komai, wannan mako waƙar soyayya, mako na gaba mai zafin kiɗa, amma mai sauraro yana so ya gane muryarka da salonka cikin daƙiƙa kaɗan. Carrie Underwood, wadda ta lashe American Idol a 2005, ta tsaya a kan kiɗan country na Amurka. Mercy Chinwo, wadda ta lashe Nigerian Idol a 2012, ta kama waƙoƙin addinin Kirista ta yi suna a cikinsu. Iyanya kuwa ya lashe Project Fame a 2008 da tattausar murya, amma sai wajen 2012, bayan ya karkata ga kiɗan rawa, sannan waƙarsa ta game gari. Shekarun da ke tsakanin gasa da karɓuwa abu ne da ya kamata a sa a lissafi tun farko, domin Yemi Alade ma ta lashe Peak Talent Show a 2009, kuma ta shafe kusan shekara biyar kafin nahiyar Afirka ta san ta, shi ma Chike sai a 2020 ya fitar da kundinsa na farko. Duk wanda yake da wata hanyar samun abinci, ko karatu da yake yi, kada ya yi gaggawar watsar da ita.

Mabiyan da ka samu a shafukan sada zumunta lokacin gasar su ne jarinka na gaskiya, saboda haka ka tabbata kai kake riƙe da lambobin sirri na shafukanka, ba manaja ko ma'aikacin gidan talabijin ba.

Kada kuma ka raina ƙananan wasanni. A talabijin akwai ƙwararrun makaɗa a bayanka, da injiniyan da ke gyara sauti, da mai horar da murya a gefe. A ƙaramin zaure mai ɗaukar mutum 80 kuwa, makirufo zai iya yin ƙara, lasifikar da ke gabanka ta ɗauke, ka daina jin muryarka, ga kuma mutane a kujerun baya suna ta hirarsu. A irin wannan wuri ne ake koyon riƙe taro na tsawon minti 45, alhali gasa minti biyu ko uku ta saba ba ka. Ka riƙa ɗumama murya kafin ka hau, ka sha ruwa sosai, idan kuma dushewar murya ta wuce mako biyu ka ga likitan maƙogwaro. Wajen ɗaukar manaja, ka nemi wanda ake biyansa da kaso daga abin da ya samo maka, ka guji wanda ya fara da neman ka biya shi, kuma yarjejeniyarku ta farko ta kasance ta gajeren wa'adi, da sharaɗin da zai ba kowannenku damar janyewa idan aikin bai tafi yadda aka tsara ba.