Kurakuran ajiye jeri mai fuskoki da yawa a Common Lisp

A harshen shirya manhaja na Common Lisp, jerin (array) da umarnin make-array ya ƙera, a ce mai layi 3 da ginshiƙi 4, ba lambobi 12 kawai ba ne. Yana da siffa, yana kuma da irin abin da aka yarda ya ɗauka. Yawancin ɓarnar da nake gani, lambobin sun dawo lafiya, waɗannan biyun ne suka salwanta a hanya.

Kuskuren da ya fi sauƙin gyarawa shi ne rubuta fayil da princ ko ~A na umarnin format. Waɗannan don idon mutum aka yi su, suna cire alamar zance daga kalmomi, sai read, umarnin da ke karanto fayil ɗin, ya ɗauke su wani abu dabam. Yi amfani da prin1 ko ~S.

Sai saitin bugawa. In *print-length*, wato iyakar yawan abubuwan da za a buga, na da ƙima, Lisp zai datse jerin ya sa ɗigo uku, fayil ya rufe ba ko ƙorafi. Haka in *read-default-float-format* yana kan double-float (lamba mai ɗigo da ta fi single-float daidaito) lokacin rubutu, 1.5d0 zai fita a 1.5, gobe a karanta shi a single-float. Maganin duka biyun: kunsa rubutu da karatu cikin with-standard-io-syntax. Amma a kula, shi yana barin *read-eval* a kunne, saitin da ke ba read damar aiwatar da umarnin da aka saka cikin fayil. Kashe shi kafin ka karanta fayil ɗin da ba kai ka rubuta ba.

Wanda ya fi damuna shi ne dogaro da salon #2A, wato yadda Lisp ke buga jeri mai fuska biyu. Yana da kyan gani, amma abin da yake dawo da shi jeri ne gama-gari. In ka ware naka don double-float, wannan ya tafi, lissafi ya yi nauyi, ka rasa dalili. Ikon faɗaɗa jeri ma ba ya dawowa. Jeri mai siffar (0 5) kuwa, #2A() zai fita, ya dawo (0 0).

Shi ya sa nake fara rubuta array-dimensions da array-element-type a saman fayil, sannan in bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya da row-major-aref har zuwa array-total-size. Wajen dawowa, make-array da bayanan farko, sai cikawa. Ko fuskoki nawa ne, hanyar ɗaya ce.

Bayan ajiya, karanta fayil ɗin nan take ka gwada. Kada ka tsaya kan equalp, umarnin gwada daidaito, kaɗai, domin a wurinsa 1.5 da 1.5d0 daidai suke. Duba array-element-type da kanka.