Masu furojet a saikoloji, ku kula da wannan

Ƴan uwa, kafin ka rubuta "kaza ne ke jawo kaza" fara duba me ka yi da bariyabul ɗinka, aunawa kawai ka yi ko kai ne ka juya shi da kanka? Bariyabul dai shi ne duk abin da ke canzawa, kamar awannin barci ko makin jarrabawa.

Iƙirarin da ake yi a bincike iri uku ne: na yawa, na alaƙa da na sanadi. Na yawa bariyabul ɗaya ne tal, misali ɗalibai nawa ne ba sa samun isasshen barci. Na alaƙa kuma biyu ka auna ka ga suna tafiya tare, to anan ake zamewa wallahi, mutum ya ga masu barci sosai sun fi cin jarrabawa sai ya ce ai barcin ne, alhali ƙila masu aikin dare ne suka rasa barcin suka kuma rasa lokacin karatu. Na sanadi sai da gwaji, ka raba mutane gida biyu ta ƙuri'a ka canza abu ɗaya kacal.

In takardar tambayoyi kawai ka raba, rubuta "yana da alaƙa da", in ba haka ba malaminka zai dawo maka da shi da jan biro.