Yadda ake tantance lafiyar karen bigul kafin barbara

Bigul ƙaramin kare ne ɗan asalin Ingila, mai dogayen kunnuwa da hancin da ba ya ɓatan sawu, wanda aka raya domin farautar zomo. Ana yaba masa da ƙwari da tsawon rai, domin yakan kai shekara 12 zuwa 15, amma da yake an daɗe ana haɗa jinsin a tsakanin 'ya'yansa kawai, akwai cututtukan gado da suka zauna a cikin jininsa. Mai kiwon da ke nufin haɗa karyarsa da namiji ya fara bincike watanni kafin lokacin barbara, kuma kada ya dogara da kyan jiki, domin karen da ke ɗauke da cutar gado sau da yawa lafiyarsa ƙalau a ido.

Matakin farko shi ne gwajin ƙwayoyin halitta. Ana goga ɗan auduga a cikin kumatun kare ko a ɗebi jini kaɗan, a aika ɗakin gwaji. Ya fi kyau likitan dabbobi ya ɗauki samfurin da kansa, ya rubuta lambar 'yar na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatar karen, saboda kada a yi jayayya daga baya a kan wanda aka gwada. Sakamakon yakan zo iri uku: karen da ba shi da gurɓatacciyar ƙwayar, wanda ke ɗauke da guda ɗaya ba tare da ya yi ciwo ba, da wanda ya gaji biyu daga uwa da uba. Wanda ya san lissafin sikila ya riga ya san wannan. Idan aka haɗa masu ɗauke biyu, kowane kwikwiyo yana da kasadar kashi 25 cikin 100 na zuwa da cutar, kashi 50 na zama mai ɗauke, kashi 25 na fita tsaf.

Cutar da ta fi cancantar a fara da ita ita ce MLS, wadda aka laƙaba wa sunan masu kiwon bigul na Amurka, Musladin da Lueke. A 2010 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa tushenta yana cikin ƙwayar ADAMTSL2. Fatar kwikwiyon da ya gaje ta takan yi tauri ta ɗame, gaɓoɓinsa su sandare, yatsun gefe na ƙafafunsa su gajarce har ya riƙa tafiya a kan tsinin yatsu, goshinsa ya baje, idanunsa su karkace. Ba ta da magani. Abin da ya sa gwajin ya zama dole shi ne, akwai karnuka masu gajerun yatsu da ba su da cutar, akwai kuma iyaye masu kyan gani da ke haifar ta.

Bayanta sai NCCD, lalacewar sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya, wadda ke bayyana wajen mako uku da haihuwa, lokacin da sauran 'yan kwikwiyo suka fara takawa shi kuwa yana tangaɗi yana faɗuwa. Cutar IGS tana hana hanji tsotse bitamin B12, sai kwikwiyo ya ƙi girma ya rame. Ita kam ana iya riƙe ta da allurar bitamin ɗin, amma har ƙarshen rayuwa. Ƙarancin ɗaya daga cikin sinadaran da ke daskarar da jini, wanda ake kira na bakwai, yawanci mai sauƙi ne, sai dai ya kamata likita ya san da shi kafin tiyata. Akwai kuma gwajin hawan jinin ido na gado, da na cutar Lafora, wadda ke sa zabura da fizgar jiki. Lafora ce mai yaudara, domin takan jira sai kare ya kai wajen shekara 5 ko fiye, lokacin da wataƙila ya riga ya haifi jikoki.

A nan ne masu kiwo da yawa ke kuskure, su cire duk mai ɗauke da ƙwaya daga kiwo. A ganina wannan gyaran gangar auzinawa ne. Idan aka haɗa mai ɗauke da wanda ya fita tsaf, babu kwikwiyo ko ɗaya da zai yi ciwon. Abin da ake bukata kawai shi ne a gwada 'ya'yan da za a ci gaba da kiwo da su. Korar masu ɗauke gaba ɗaya tana ƙuntata jinin jinsin, ta tilasta a riƙa komawa ga maza 'yan ƙalilan, daga nan kuma wasu cututtukan da ba a san da su ba suke ɓullowa.

Mataki na gaba gwajin jiki ne. Ana ɗaukar hoton ƙashin kwatangwalo domin a ga yadda kan cinya ya zauna a gurbinsa. Gidauniyar OFA ta Amurka, mai tantance irin waɗannan hotuna, ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika wata 24, tsarin Birtaniya kuwa yana karɓa daga wata 12, yana ba da maki daga 0 zuwa 106, kuma ƙaramin maki shi ne mai kyau. Ƙwararren likitan ido ya duba idanu, a kuma maimaita duk shekara, tunda wasu cututtukan ido sai da girma suke fitowa. A haɗa da sauraron zuciya da gwajin jini na ƙullutun maƙogwaro mai sarrafa kuzarin jiki, wanda rauninsa ke sa ƙiba da kasala da zubewar gashi.

Abu mafi wuya shi ne farfaɗiyar da ba a san musabbabinta ba, wadda ta yi yawa a bigul kuma babu gwajin da ke nuna ta. Takan fara tsakanin wata 6 da shekara 6. Haka ciwon sanƙarar wuya mai zuwa da zazzaɓi a karnuka masu ƙarancin shekaru, da zamewar faifan ƙashin baya. A kan waɗannan babu makamin da ya wuce tarihin zuri'a. A tambayi mai namijin dalla-dalla game da iyayen karen da kakanninsa da 'yan uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yan da ya riga ya haifa: wanne ya taɓa faɗuwa, yana da shekara nawa, me ya kashe waɗanda suka mutu. Mai kiwon da ya ce zuri'arsa ba ta taɓa samun komai ba, ko dai bai bi sawun karnukan da ya sayar ba, ko yana ɓoye wani abu. Wannan kuma dalili ne na jinkirta barbara har sai kare ya wuce shekara 2.

Daga nan a duba kusancin dangantaka a takardar asali. Tun 2009 ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu daga haɗa uba da 'yarsa, uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa. Idan an haihu, a ba kowane mai saye kwafin sakamakon gwajin iyayen, a karɓi lambar wayarsa, a roƙe shi ya sanar da duk ciwon da ya bayyana ko bayan shekaru ne, a rubuta shi a littafin zuri'ar kafin a sake haɗa iyayen.