Yadda ake ƙyanƙyashe ƙwan ƙaramar mesa in karon farko ne

Makon jiya wani ƙanina ya kira ni tun kan a fito sallar asuba muryarsa na rawa, wai yaya, mesata ta yi ƙwai fa guda shida, in kwashe in zuba a injin kaji? Nace masa kai kar ka soma wlh. Irin wannan ne ya ci min ƙwai biyar a shekarar da na fara, ni da nake ganin tunda na saba ƙyanƙyashe kaji da zabi anan ƙauyenmu ta wajen Ringim ai komai ƙwai ne.

Macijin da nake magana shine ƙaramar mesar nan da in ta tsorata take dunƙulewa kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya, bata da dafi kuma bata girman babbar mesa. Ita kaɗai zan ba sabon shiga shawara. In kuma a gona ka tsinci ƙwai baka ga uwar ba to barshi inda yake, kumurci ma ƙwai yake yi, kububuwa ma haka, kuma ɗan da ya fito yau da dafinsa yake fitowa, kar garin sha'awa a kwashe ka sai asibitin Kaltungo inda ake jinyar saran maciji. Sannan mesa tana cikin dabbobin da doka ta sa wa ido, akwai dokar kare namun daji da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, kaje ofishin gandun daji na jiharku ka ji matsayinka kan ka fara tara su a gida.

To ga bambancin da ya kamata ya zauna maka a kai. Ƙwan kaza kwana 21 ne a zafi wajen digiri 37 da rabi kuma kullum sai an juya. Na wannan macijiyar kwana 55 zuwa 60 yake ɗauka a digiri 31 zuwa 32, kuma ba'a juya shi ko sau ɗaya, sbd ɗan yana mannewa ne ta saman ƙwan daga ciki, in ka kifa shi gwaiduwar ta danne shi shikenan. Dan haka kan ka taɓa komai ɗauko fensir kayi ɗan alama a saman kowanne, yadda ka same shi haka zaka ajiye shi, alamar na kallon sama har ranar fita. Bawon ma ba irin na kaza bane, laushi gare shi kamar fata kuma yana shan damshi daga waje. Yawanci a manne zaka same su curi guda, kar ka ce sai ka raba, ɗauke su a haka.

Uwar zata naɗe su ne ta ƙi tashi. Wasu suna bar mata ta kwanta da kanta kuma yana yi in ɗakin nada damshi, amma iskar bazarar nan tamu busar da komai take shi yasa ni nake kwashewa. A hankali zaka warware ta da hannu biyu, wani ya riƙe maka ita, bayan nan ka wanke ta da ruwa mai ɗumi ka wanke akwatinta tas, in dai tana jin ƙanshin ƙwan zata ci gaba da naɗewa a wajen ta ƙi cin abinci.

Da daddare ka kashe fitila ka ɗora tocilar wayarka a jikin kowane ƙwai. Mai rai zaka ga jijiyoyi ja-ja sun bazu, wanda babu komai kuwa ƙarami ne mai ruwan ɗorawa, da wuya ya kai mako biyu bai fara wari ba.

Yanzu wajen ajiya, kuma anan ne aikin yake. Turawan da suke kiwon nan a Amurka da Ingila damuwarsu yadda zasu ɗumama ƙwai, mu kuwa tamu damuwar yadda zamu hana shi dahuwa, dan lokacin da take yin ƙwan daga Fabrairu zuwa Afrilu ne, kuma kowa yasan Afrilun Kano da Jigawa sai ya haura digiri 40 da rana. Ƙwan nan in ya daɗe sama da 34 ko ya mutu ko ɗan ya fito da karkataccen baya. Ɗakin kwano kam manta da shi. Ni a tsohon ɗakin ƙasa na kakarmu nake ajiyewa, ta lungun da randa take, na samu babbar kula irin ta masu sai da ƙanƙara na jera robobin ruwa cikakku guda takwas a ƙasanta, su ne suke riƙe zafin kar ya hau da sauri da rana kar kuma ya faɗi da asuba. Akansu nake ɗora ƙaramar roba mai murfi, a cikinta yashi wankakke da aka tafasa aka bari ya huce, jiƙaƙƙe, sai rariyar roba a kife akan yashin, ƙwan yana kan rariyar baya taɓa ruwa. Abin da ake so kenan, iskar ciki ta jiƙe sosai wajen kashi 90 cikin ɗari amma jikin ƙwan a bushe. In ka samu bamikulait a cikin gari, wani ma'adini mara nauyi mai riƙe damshi, ya fi yashin, ana kwaɓa shi da ruwa nauyi ɗaya da ɗaya, ka matsa a hannu ya dunƙule amma kar ya ɗiga.

Ma'aunin zafi dole ne, mai waya wanda zaka karanta daga waje ba sai ka buɗe ba, masu kayan kaji suna sai da shi. Ka haɗa komai mako guda kan ta yi ƙwan kana rubuta abin da ya nuna da asuba da azahar da dare, ai zaka san lokaci ya matso dan tana yin saɓa kamar wata guda kan ta zuba. In azahar tana kaiwa 33 ka rufa wa kular jiƙaƙƙen buhu ka yayyafa ruwa a ƙasa. In kuma sanyin asuba yana sauke ta ƙasa da 29 sai ka canza roba ɗaya da ruwa mai ɗumi, ko ka haɗa ƙaramar hita da na'urar nan mai yanke wuta da kanta akan batirin sola, kar dai ka dogara da wutar nefa. Ƙanƙara kuma kar ta shiga ciki.

Cinnaka da kiyashi, ka ɗora kular akan tebur ka tsoma ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa. Yara kuma ka sa kwaɗo.

Buɗe ƙaramar robar ƙwan sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, ka goge gumin murfin kar ya ɗiga akan ƙwan ka mayar. Daga wajen kwana 45 zaka ga sun fara lotsawa, hankalinka zai tashi kace sun lalace, lafiyarsu ƙalau haka suke yi in fita ta kusa. Lotsawar da take matsala ita ce ta makonnin farko, wannan ƙarancin damshi ne, ƙara ruwa a gefen yashin ba akan ƙwan ba.

Ranar da ka ga an tsaga bawon an leƙo da ɗan kai, dan Allah ka kame hannunka. Da ɗan haƙorin da ke bakin hancinsa ya yanka, kuma zai yi kwana ɗaya ko biyu a ciki yana leƙowa yana komawa har ya gama shanye gwaiduwar ta cibiya, in ka jawo shi ka katse masa guzurinsa. Ni har almakashi na taɓa ɗaukowa na fasa ɗaya tun lokaci bai yi ba, jini kawai na gani, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wanda ya fito da kansa ka ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi, kowanne robarsa daban mai ƙananan huji da murfi mai kamawa sosai, tsumma mai ɗan damshi a ƙasa, murfin kwalba da ruwa, da ɗan kasko a kife da zai ɓuya. Ba zai ci komai ba sai ya yi saɓar farko bayan kwana 7 zuwa 14, sannan ka gwada masa ɗan ɓera ƙarami da magariba. Ɓeran ma na kiwo, kar ka kamo na rumbu ko na shago inda ake zuba maganin ɓera. Wani zai kama a daren farko wani sai ya ja maka mako uku yana kallonka, ka cire ɓeran ka sake gwadawa bayan kwana biyar.