Yadda Ake Karanta Waƙa a Kan Kiɗan Rege

Wannan salo ya bunƙasa a Jamaika da Ingila a shekarun 1970.

1. Haddace waƙarka tukuna. Riƙe takarda yana hana ka kallon jama'a.

2. Saurari kiɗan, ka ƙirga ɗaya zuwa huɗu. A salon rege na asali, ganga kan faɗi a bugu na uku, jita kuma a na biyu da na huɗu. Ɗora kalmarka mai nauyi kan na ukun nan. Wallahi nan ne daɗin yake.

3. Yi gwaji da makaɗa, ku shirya inda za su sassauta.

4. A dandamali, bar tazarar yatsu biyu tsakanin bakinka da makirufo. Kada ka yi gaggawa, ka ɗan dakata bayan kowane baiti.